Darasi: Zafin Fitsari

Akwai wanda da zarar fitsari ya kama shi sai gabansa ya faɗi. Ya tsuguna, ya ji kamar wuta ce ke fita. Ɗigo biyu ko uku, ya tashi, bai kai bakin ƙofa ba ya ji wani ya sake matsa shi. Kunya kuma ta hana shi faɗa wa kowa.

Ƙoda biyu ne a jikin mutum, aikinsu tace jini. Fitsarin da suka tace yakan gangaro ya taru a mafitsara, sannan ya fita ta wani siririn bututu. Tsawon bututun a jikin mace kusan santimita 4 ne, a jikin namiji kuwa kusan 20. Shi ya sa ciwon mafitsara, wanda ke kawo irin wannan zafin, ya fi damun mata. Ƙwayar cutar da ke cikin kashin mutum, wadda likitoci ke kira E. coli, tafiya kaɗan za ta yi ta isa mafitsara. Daga nan sai mara ta riƙa ciwo, fitsari ya gurɓace, wani lokaci har da wari.

Amma fa ba kowane zafin fitsari ne wannan ba. Ciwon sanyi da ake ɗauka wajen saduwa yana sa zafi, sau da yawa tare da fitar farin ruwa ko ruwan ɗorawa daga gaba. Tsakuwar ƙoda ma tana sa shi. Jini a ƙarshen fitsari ga mai yawan shiga rafi ko kududdufi, a duba tsargiya. Kowanne da maganinsa, kuma ido ba ya bambance su. Gwajin fitsari a asibiti ne ke nunawa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mutum ya karɓi ragowar ƙwayoyin da wani ya sha, zafin ya lafa kwana biyu, cutar kuwa tana nan tana ƙara ƙarfi. In likita ya rubuta magani, a shanye shi duka ko da an ji sauƙi. In ciwon sanyi ne, miji da mata su sha tare, in ba haka ba za su yi ta mayar wa juna.

Zazzaɓi, rawar jiki, amai, ko ciwo a kwiɓi: kada a kwana da waɗannan, alama ce cutar ta haura ƙoda. Mai juna biyu da mai ciwon sukari su tafi tun ranar farko.

A sha ruwa sosai, a daina riƙe fitsari. Mace ta yi tsarki daga gaba zuwa baya, ta kuma yi fitsari bayan saduwa.

Aikin gida: rubuta alamomi uku da za su sa ka tafi asibiti ko da tsakar dare ne, ka karanta wa mutanen gidanka.