Idan ƙaramar yarinya ta samu ciki a gidanki

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin haihuwa a nan Kaduna. Uwa ko uwar miji, da ke nake.

'Yar shekara 13 ko 14 ƙugunta bai gama buɗewa ba. Ki kai ta awo tun cikin bai cika wata uku ba, kada ki jira sai ya fito. Ta sha maganin ƙarin jini, ta kwana cikin gidan sauro.

Kullum ki duba fuskarta da hannayenta. In sun kumbura, ga ciwon kai, tana gani dishi-dishi, ku tafi asibiti nan take. Jijjiga ce ke tafe, ba iskokai ba. Na karɓi wata daga Rigasa da aka kwana ana yi mata hayaƙi, ta tattaune harshenta, jini har haɓa.

Haihuwa kuwa a asibiti, a ajiye kunyar ɗan fari. Kan jariri in ya daɗe a maƙale, danne mafitsara yake har ta huje, yoyon fitsari ke nan. Ana ɗinki a asibitin Gambo Sawaba da ke Zariya, amma Allah ya raba mu. Tun wata bakwai ki tanadi kuɗin mota da wanda zai ba da jini.