Yadda Za Ka Gano Tushen Baƙuwar Ƙara a Injin Mota

Duk wanda ya daɗe yana tuƙa mota ɗaya ya san kukan injinta, saboda haka ranar da baƙuwar ƙara ta shigo, kunnensa ne zai fara sanar da shi tun kafin wata fitila ta kama a dashbod. Abin da ke jawo wa mutane asara shi ne garzayawa gareji da bayani guda ɗaya, wato "injin yana ƙara", daga nan sai a shiga canza kaya a kan lalube. Abubuwa uku ake so ka tantance tukuna: lokacin da ƙarar take zuwa, da wurin da take fitowa, da kuma irin sautinta.

Fara da baƙin mai, domin ƙarancinsa ne asalin ƙararraki da yawa. Ajiye motar a wurin da ba gangara, kashe injin, jira kamar minti goma, sannan ka zaro geji, ka goge shi, ka mayar, ka sake zarowa. Idan man ya sauka ƙasa da alamar ƙasa ta gejin, ƙara irin wanda littafin motar ya ambata, kada ka ɗauka cewa mai kauri irin 20W-50 ya dace da kowane inji, alhali motoci da yawa na zamani an ƙera su ne don mai marar kauri kamar 5W-30. Idan kuwa jar fitilar mai ta kama tare da ƙarar, to bincikenka ya tsaya a nan. Kashe injin kawai.

Daga nan ka tabbatar cewa ƙarar daga injin take. Sa giya a firi ko fakin, ja birkin hannu, ka riƙa taka totur a hankali. Ƙarar da take ƙaruwa da raguwa tare da totur ta inji ce ko ta kayan da yake juyawa. Wadda ba a jin ta sai motar tana tafiya yawanci ta ƙafa ce: gurnanin da ke ƙaruwa da gudu na boris ɗin taya ne, ƙas-ƙas yayin shan kwana kuma na shaf ne. A mota mai kulaci, ƙarar da take canzawa idan an taka shi tana nuni ga boris ɗin kulacin.

Lura da safiya sosai, domin injin da ya kwana yana tona abin da mai zafi yake ɓoyewa. Kacau-kacau na daƙiƙa biyu ko uku da zarar an tayar da mota yakan fito daga sarkar taimin, wato sarkar da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, idan ta saki, ko daga abin da ke ɗame ta, kafin mai ya isa wurin. Wannan ya shafi injinan da ke da sarka, kamar na Toyota Corolla mai inji samfurin 1ZZ-FE da Honda Accord mai silinda huɗu daga 2003; Peugeot 406 bel take amfani da shi. Tas-tas ɗin da yake da ƙarfi da sanyi, ya lafa idan injin ya yi zafi, sau da yawa ɓular gaskit ce a inda bututun hayaƙi ya haɗu da kan inji, saboda ƙarfe yana buɗewa da zafi ya toshe kafar. Nemi baƙin tabon hayaƙi a gefen wurin.

Wajen neman wurin, dogon sukudireba ya isa. Ɗora bakinsa a jikin abin da kake zargi, kamar altaneta ko murfin kan inji, ka kafa kunne a kan mariƙinsa. Inda sautin ya fi ƙarfi, can matsalar take. A nan sai an yi hattara: tuɓe babbar riga, naɗe hannun riga, kada wani abu ya yi reto kusa da bel, kuma ka sani fankar lagireto tana iya tashi da kanta ba zato. Idan huci kake ji kamar iska na tsiyaya, ga kuma silo, wato juyin inji ba tare da taka totur ba, yana rawa, yanki tiyo ka sa gefe ɗaya a kunne, ka bi ƙananan robobin iska da ɗaya gefen har ka kai ga wadda ta tsage.

Ƙugi mai tsini lokacin tayar da mota, ko kunna AC, ko murɗa sitiyari har ƙarshe, galibi na fanbel ne. Fesa masa ɗan ruwa: idan ya yi shiru na ɗan lokaci, bel ɗin ne ya tsufa ko ya saki, idan bai canza ba, zargi boris ɗin altaneta, ko na famfon ruwa, ko na fuli. Makaniki yakan cire bel ɗin ya tayar da injin mai sanyi na minti ɗaya kacal, kuma idan ƙarar ta ɓace an wanke cikin injin daga zargi.

Akwai kuma ƙarar da ke kama da tsakuwa a cikin gwangwani, wadda ake ji lokacin hawan tudu ko jan kaya da babbar giya. Fetur ne yake fashewa ba bisa tsari ba a cikin silinda, kuma dalilinsa yakan zama gurɓataccen mai, ko zafin inji, ko daskararren toka a kan fistin, ko taimin da ya goce. Sauka giya, duba allurar zafi, ka canza gidan man da kake sha. Idan fitilar inji ta kama, a jona kwamfuta. Ƙananan motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 suna da wurin jona kwamfuta da ake kira OBD-II. Lambar P0300, alal misali, tana nufin silinda suna tsallake wuta, sai a duba filogi da koyil. Sai dai kwamfuta ba ta jin ƙara, kuma metal, wato faifan ƙarfen da ke tsakanin sandar fistin da karanshaf (babbar sandar da fistin ke juyawa), na iya cinyewa ba ta nuna komai ba.

Bambancin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne tsakanin ƙarar sama da ta ƙasa. Ta sama siririya ce, tik-tik, daga wajen bawul, kuma saurinta rabin na injin ne, domin kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, yana juyawa sau ɗaya ne a duk juyi biyu na karanshaf. Canjin mai da filta ko saita bawul yakan magance ta, kuma nozul, mai fesa fetur a inji, shi ma yana da nasa tik-tik na al'ada wanda ba matsala ba ne. Ta ƙasa kuwa mai nauyi ce, dum-dum, tana ƙaruwa da totur, kuma zafi yana ƙara fito da ita saboda mai ya tsinke. Wannan alamar metal ce ta cinye. Ana gwadawa ta hanyar cire wayar koyil ɗaya bayan ɗaya. Silindar da ƙarar ta ragu a kanta ita ce mai ciwon. Idan aka juye man aka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe a cikinsa, magana ta tabbata.

A ganina kuskure ne babba a zuba mai mai kauri don a rufe bakin irin wannan ƙara, kamar yadda wasu ke yi kafin su sayar da mota, domin cin ƙarfen yana ci gaba. Kada ka ce bari ka lallaɓa zuwa gareji. A jawo motar. Idan an kama abin da wuri, wataƙila sabon metal da gurza karanshaf su wadatar, amma idan sandar fistin ta karye ta fasa bulok, sai dai a nemi wani injin.