Matakan Bin Ittihad Zuwa Doha Daga Jidda

In kana zaune a Saudiyya kana son bin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Ittihad zuwa wasanta da Al-Sadd a Doha, da farko duba iƙamarka (katin izinin zama) da fasfo. In wa'adin ɗayansu ya kusa cika, sabunta shi kafin komai.

Sai bizar fita da dawowa, wadda kafilinka (wanda kake zaune a ƙarƙashin sunansa) zai fitar maka ta Absher ko Muqeem, shafukan hidimar gwamnatin Saudiyya na intanet. Nan ne 'yan uwanmu suka fi tuntuɓe: mutum ya sayi tikiti, ya sanar da abokan hira, kafili kuma ya kashe waya. Yi masa magana tun da wuri, ka tabbatar kwanakin bizar sun wuce ranar wasan da rata.

Bayan haka nemi izinin shiga Katar a manhajar Hayya.

In izini ya fito, sayi tikitin wasa a ɓangaren magoya bayan baƙi. Kada ka yarda ka faɗa tsakiyar 'yan Al-Sadd da rigarka mai ruwan ɗorawa da baƙi.

Hanya kuwa, jirgi ya fi. Mota ta Salwa, iyakar Saudiyya da Katar, ta haura kilomita 1,000, gajiyar ba ta wasa ba ce.

A Doha hau jirgin ƙasa na Metro, layin zinare, zuwa filin Jassim bin Hamad. Isa da wuri, ka yi sallarka kafin layin bincike ya yi tsawo.