Hunturu ya shigo: kurakuran da muke yi wa fatarmu

Duk shekara daga ƙarshen Nuwamba zuwa wajen Maris labarin ɗaya ne, iskar hunturu ta taso daga Sahara a bushe ta kwashe ɗan danshin da ke jikin mutum, sai ka ga ƙafa ta yi furu-furu kamar wanda ya kwana a gidan niƙa.

Babban kuskuren dai yana wajen shafa mai. Mutum zai yi wanka ya goge jiki tas, ya zauna yana danna waya har ya bushe ƙarau, sannan ya zo ya lafta basilin. To ai basilin ba ya ƙara wa fata ruwa, aikinsa kawai ya tsare wanda ke ciki kar ya fita, in babu danshin me zai tsare? Sai ƙyalli da kwasar ƙura. Kana fitowa daga banɗaki ka ɗan tsane jiki da tawul, ka shafa tun da sauran lema, man kaɗanya ma haka ake masa. Kuma bayan alwala a ƙara shafawa a hannu da ƙafa, sau biyar fa ake jiƙa su a rana, man da ka shafa da safe ko azahar ba zai kai ba.

Sai ruwan zafi. Na san da daɗi, ni ma da asuba ba na son jin wannan maganar, amma ruwan da ke tururi wanke maiƙon fata yake yi, shi ya sa kana gama wanka ƙaiƙayi ya taso. A sirka shi ya zama mai ɗumi, a rage dirza da soso, sabulun wanki kuwa a bar wa tufafi.

Lasar leɓe ma ba magani ba ce, yawun na bushewa leɓen ya ƙara tsagewa. Ɗan basilin ya isa.

Masu bin kaushi da faso da reza, don Allah ku daina. A jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi kamar minti 10, a goge da dutse a hankali, a shafa mai sosai a sa safa a kwana da ita. In kuma mai ciwon suga ne kar ma ya kusanci reza, ciwon ƙafa ba ya warke musu da wuri, faso na buɗewa a nufi asibiti.