Kurakuran da Masu Koyon Kutse da Tsaron Kwamfuta Suka Fi Yi

Na gaji da ganin abu ɗaya yana ta maimaita kansa. Yaro mai kaifin basira, mai son kwamfuta har cikin ransa, zai fara koyon harkar tsaro, kafin ya rufa wata uku sai ka gan shi da idanu jajur: ko dai ya goge abin da ba ya dawowa, ko ya taɓa abin da ba nasa ba. Ramukan nan tsofaffi ne. Ni kaina na faɗa cikin guda biyu, kuma har yau ciwonsu bai sake ni ba. Saboda haka zan daɗe a kansu, sauran kuma in bi su da hanzari.

Na farko shi ne buga umarni ba tare da dubawa ba, alhali ba ka da kwafin ajiya.

Lokacin da na fara, na so in ɗora Kali Linux, wato nau'in Linux da aka haɗa da kayan gwajin tsaro, a kan filashi don in riƙa tayar da kwamfuta da shi. A Linux akwai wani umarni mai harafi biyu kacal, dd, wanda ke kwashe bayanai ɗanye daga wani wuri ya zuba a wani. Ba ya tambayarka ko ka tabbata. Ka nuna masa inda zai ɗebo da inda zai zuba, shi ke nan, ya kama aiki. Shi kuma Linux yana kiran faifan ajiya da sunaye irin su sda, sdb, sdc, kuma sunan ba na dindindin ba ne. Wanda kwamfuta ta riga gani shi ke karɓar harafin da ke gaba. Ranar farko filashina sdb ne, komai ya tafi lafiya lau. Bayan kwana biyu na so in sake, wajen ƙarfe biyu na dare. Na danna kibiyar sama, tsohon umarnin ya dawo, na buga Enter. Abin da ya kwanta mini a rai shi ne tun da yamma na jona babban faifaina na waje. Shi ya zama sdb, filashin ya koma sdc.

Wata 'yar fitila ce ta fara faɗar mini da gaba. Ta filashin shiru, ta babban faifan kuwa sai ƙyafta ido take yi babu ƙaƙƙautawa. Kafin in gane abin da ke faruwa in tsayar da shi, ya riga ya cinye farkon faifan, wurin da ake rubuta yadda aka rarraba shi da sunayen duk abin da ke ciki. A cikinsa akwai aikina na shekara huɗu, da hotunan 'yan gidanmu, da wasu hirarraki da na naɗa da mahaifina kafin Allah Ya yi masa rasuwa. Babu kwafinsu a ko'ina a duniya.

Daga nan na ƙara kuskure kan kuskure. Cikin ruɗewa na sake tsara faifan, na kunna manhajar ceto bayanai, kuma duk abin da ta tono na ce ta zuba a kan faifan nan dai. Ashe da hannuna nake binne sauran. Bayanin da aka goge yana nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansa, ni kuwa rubutawar nake ta yi. Daga baya manhajar ceto bayanai ta PhotoRec ta fito mini da dubban fayiloli babu sunayensu na asali, sai harafin f da jerin lambobi. Na shafe makonni ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Cikin muryoyin mahaifina uku na samu, ɗaya ma ta yanke yana tsakiyar magana. Har yanzu ban iya sauraronta har inda ta tsaya ba tare da ƙirjina ya yi nauyi ba.

To ga abin da nake yi tun daga ranar, kuma ban ce kowa haka yake yi ba. Kafin dd, ko duk wani umarnin da ke taɓa faifai, sai na buga lsblk na karanta girman kowanne da idona. Ina zare duk faifan da ba shi da hannu a aikin, in ajiye shi can nesa da tebur. Ba na ɗauko irin wannan umarni daga tsofaffin da na taɓa bugawa. Sabo nake rubutawa harafi bayan harafi, in ɗage hannuwana daga madannai, in karanta shi a bayyane, sannan in danna. Wanda bai gama sabawa ba ya yi amfani da Rufus ko balenaEtcher, domin suna nuna maka suna da girman abin da za ka goge. Babu abin kunya a ciki. Idan kuwa tsautsayi ya riga ya auku, ka tsaya cak. Zare faifan. Nemo wani mai girmansa ko fiye, ka ɗauki kwafinsa gaba ɗaya da ddrescue, ka yi duk gwaje-gwajenka a kan kwafin. Fara da TestDisk ko za ta iya dawo da tsarin rabon faifan, in ta gaza sannan PhotoRec, kuma abin da aka ceto a zuba shi a wani wuri dabam.

Amma tushen maganin shi ne ajiya: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya kuma a wajen ɗakin da kwamfutarka take. Kuma ajiyar da ba ka taɓa gwada dawo da ita ba, kada ka dogara da ita. A ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge rumbun bayanai a kan babbar sabar, yana zaton yana kan ta biyu ne. Kusan gigabait 300 suka tafi, da suka juya ga hanyoyin ajiyarsu sai suka tarar yawancinsu ba sa aiki. Wani kwafi da aka ɗauka sa'o'i shida kafin nan shi ya cece su. Ƙwararru ke nan da ake biya albashi don wannan aikin. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ni duk farkon wata nakan zaɓi fayil guda daga ajiyata in dawo da shi in buɗe, don in ga da idona cewa yana nan.

Na biyu kuwa shi ne taɓa na'urar wani ba da izininsa ba. A nan ne raina ya fi ɓaci, domin duk wanda na gargaɗa sai ya ce shi ai ba mugunta ya nufa ba.

Ƙanena, babu ruwan doka da niyyarka. Na'urar da ba taka ba, wadda mai ita bai ba ka izini ba, kada ka gwada ƙofarta. Na koyi wannan a wani wuri da aka ɗauke ni koyon aiki. Na ɗan iya Nmap, manhajar da ke leƙa na'urorin netwok ta gano ƙofofinsu da ke buɗe, hannuna yana ƙaiƙayi, sai na bi netwok ɗinsu na leƙa kowace na'ura. Na ci karo da kyamarar tsaro da ba a canja mata kalmar sirrin da ta zo da ita daga masana'anta ba. Na shiga, na ga farfajiyar ginin a kan allona, na ɗauki hoto. Washegari na tafi wurin shugaban sashen ina murna, a zatona godiya zan sha. Ya saurare ni har na gama, sannan ya juyo da allonsa ya nuna mini rajistar da na'urorinsu suka ajiye: adireshin kwamfutata, sa'a, minti, da duk ƙofar da na ƙwanƙwasa. Ya ce, "Wa ya sa ka?" Ban da amsa. Kafin la'asar an karɓe katina na shiga. Takardar shaidar da nake buƙata ban samu ba, kuma na yi shekara guda ina ɗauke da wannan tabon. Da farko na ga an zalunce ni. Daga baya na gane cewa mutumin ba shi da wata hanyar bambance ni da ɓarawo, tunda abin da na yi da abin da ɓarawo zai yi iri ɗaya ne a cikin rajista.

Kuma na ci sa'a, domin wasu a kotu suka ƙare. Robert Morris ɗalibi ne a Jami'ar Cornell ta Amurka lokacin da ya saki wata manhaja mai yaɗa kanta a watan Nuwamban 1988. Kuskure a lissafinsa ya sa ta riƙa ninka kanta a na'ura guda har ta durƙusar da dubban kwamfutoci. Kotu ta same shi da laifi a ƙarƙashin dokar Amurka ta 1986 kan zamba da cin zarafin kwamfuta: shekara uku ana sa masa ido, sa'o'i 400 na aikin al'umma, da tarar dala 10,050. Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Marcus Hutchins, matashin Birtaniya da ya taka wa WannaCry, muguwar manhaja mai kulle bayanai ta nemi kuɗin fansa, birki a watan Mayun 2017, lokacin da ta rufe kwamfutocin asibitocin ƙasarsa. Duniya ta yaba masa. Cikin watan Agusta na shekarar aka kama shi a Las Vegas saboda wata muguwar manhajar satar bayanan banki da ya taɓa sa hannu a rubutawa shekarun baya, kuma a 2019 ya amsa laifinsa. Alherin da ya yi bai share sawun da ya bari yana yaro ba. Ku masu zaton kun ɓuya don kun kunna VPN kun canja suna, ku yi tunani a kan wannan da kyau.

Abin haushin shi ne babu ma dalilin satar hanya. Ɗora VirtualBox, ka gina kwamfutoci a cikin kwamfutarka, ka sa Metasploitable ko DVWA, waɗanda da gangan aka cika su da ramuka don a koya, ka killace su yadda ba za su ga intanet ba. OverTheWire, TryHackMe da Hack The Box duk filayen atisaye ne halattattu. Masu Nmap da kansu sun ware scanme.nmap.org don gwaji daidai gwargwado. Kamfanoni na gayyatar masu nemo rauni ta HackerOne da Bugcrowd, sai dai ka karanta iyakar da suka shata kafin ka taɓa komai. Ni yanzu ko amini ne ya ce in duba masa shafinsa, sai ya rubuta mini: wace na'ura, daga yaushe zuwa yaushe, me aka yarda in yi. Izinin baki ba ya tsayawa da kai ranar da abu ya lalace.

Sauran kurakuran ƙanana ne, amma suna cizo.

Mayar da Kali kwamfutar yau da kullum: ba don haka aka gina ta ba, bar ta a cikin VirtualBox. Sauko da manhajar kutse "ta kyauta" da wani ya fasa: sau da yawa kai ne abin farautar, domin an san wanda zai sauko da ita zai kashe rigakafinsa da hannunsa. Kwafo umarni daga intanet a liƙa ba a fahimta ba, musamman mai farawa da sudo, kalmar da ke ba umarni cikakken iko a kan kwamfuta: in ba za ka iya bayyana kowane yanki nasa ba, kada ka buga. Kalmar sirri ɗaya a ko'ina: bayanan LinkedIn da aka sace a 2012 sun sake ɓulla a 2016 sama da miliyan 100, kuma da irinsu ake gwada sauran ƙofofin mutum, ni KeePass, manhajar adana kalmomin sirri, nake amfani da ita, tare da tabbaci mai mataki biyu. Jinkirta sabuntawa: Microsoft ta fitar da facin ramin da WannaCry ta bi tun watan Maris na 2017, wata biyu kafin harin, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsallake tushe: wanda bai san yadda adireshin IP da DNS ke aiki ba, tarin kayan aikinsa ba za su kai shi ko'ina ba. Fariya kuma, wato baza hoton abin da ka kutsa, shaida ce kake tara wa mai tuhumarka.

Akwai guda ɗaya da ba a cika faɗa ba, shi ne abin da harkar nan ke yi wa jiki da zumunci. Na yi shekarun da nake kwana a gaban allo, gari ya waye kaina na sarawa, bayana ya ƙage, 'yan'uwa su kira in ce zan kira su anjima, anjimar ba ta zuwa. Wata rana mahaifiyata ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallona ban sani ba, da na juyo ta ce, "Kai yanzu sai an yi sallama da na'urar nan kafin a gan ka?" Maganar ta zauna mini. Da na waiwaya kuma sai na ga cewa goge faifan nan da leƙen kyamarar nan duk a cikin gajiya na yi su, lokacin da ido ke gani amma hankali ya riga ya kwanta. Yanzu da zarar sha biyun dare ta buga, ba na sake buga wani umarni da zai iya goge abu ko ya taɓa wata na'ura. Ina da ɗan littafi kusa da madannai. In rubuta abin da nake shirin yi da inda na tsaya, in rufe kwamfutar, sai da safe in sake karantawa kafin in taɓa komai.