Yadda zaka bi salsalar manga ta samurai kafin ka shiga musu

Duk wanda ya zauna da masoyan littattafan zane na Japan, wato manga, musamman na samurai, mayaƙan takobi na Japan ta da, ya san musu ɗaya da baya ƙarewa: wane ya kwaikwayi wane. Wani zai ga mutum da takobi yana tura yaro a keke sai yace ai wannan satar fasaha ce, wani yace a'a, a yi ta ja har dare babu wanda ya koma ya duba shekara. Ni abun yana damuna sosai wallahi, don daɗin waɗannan labaran yana cikin gano inda suka samo asali, ga yadda nake bi.

Farko dai ka iya karatun kansa. Manga daga dama ake farata zuwa hagu, shafi da akwatunan zanen da maganar da ke ciki duka, wanda ya yi makarantar allo wannan ba zai bashi wahala ba, idonsa ya saba. Na taɓa ganin wani yaro yana riƙe da littafin ya fara daga baya, yana ta mamakin yadda aka sare mutum kafin a zare takobi.

Sai ka duba shekara, kullum shekara. Lone Wolf and Cub na Kazuo Koike da mai zane Goseki Kojima ya fito daga 1970 zuwa 1976, juzu'i 28, labarin Ogami Itto ne da ɗansa Daigoro da yake turawa a keken katako. Don haka in ka ga jarumi mai ƙarancin magana yana yawo da ƙaramin yaro, kamar a shirin talabijin na Amurka The Mandalorian da mutane suka yi ta kwatantawa da shi, ka san wanene babba. Mai zane Frank Miller na Amurka bai ɓoye ƙaunarsa ga aikin ba, ya yi nasa Ronin a 1983, kuma shi ya zana bangon fitowar Turanci ta farko a 1987.

Amma inda nafi so ka tsaya shine nan, ka raba labari gida uku: abun da ya faru a tarihi, abun da wani marubuci ya ƙara tun da can, da abun da mai zanen ya ƙirƙira da kansa. Ɗauki Vagabond na Takehiko Inoue, wanda ya fara a 1998. Jarumin labarin, Miyamoto Musashi, mutum ne na gaske, ya rasu a 1645, kuma ana ba da labarin karawarsa da Sasaki Kojiro a tsibirin Ganryu a 1612. Wannan gida na farko kenan. Gida na biyu shine littafin Eiji Yoshikawa da aka riƙa bugawa a jarida daga 1935 zuwa 1939, a kansa Inoue ya ɗora nasa. To da labarin Vagabond ya kai inda Musashi ya ajiye faɗa ya koma noma, yana fama da ƙasa da ambaliya da yunwar mutanen ƙauye, masoya suka rabu biyu, wasu suka ce an ɓata musu lokaci su jini suka zo gani, wasu suka ce nan ne zuciyar labarin gaba ɗaya. Ina tare da na biyun, kuma masu cewa Inoue ya kauce hanya basu san cewa noman nan yana cikin littafin Yoshikawa ba tun asali. Abun da yake na Inoue zalla shine maida Kojiro kurma, baya ji baya magana sai da takobi, kuma ka duba yadda ya koma zane da burushi, tawada tana malala a shafi kamar ruwa, gashin Musashi ma kaɗai ya isheka kallo na minti biyar.

In zaka ba wani shawarar ya karanta Vagabond ka faɗa masa gaskiya tun farko, juzu'i 37 ne kuma tun 2015 ya tsaya, ba a kai ga karawar ƙarshe ba. Mutane suna jin zafin wannan sosai, kar ka bari ya gano da kansa.

Haka zaka raba Rurouni Kenshin na 1994 gida-gida. Saito Hajime da ke ciki ɗan Shinsengumi ne na gaske, wata rundunar masu takobi da ke tsaron birnin Kyoto, jarumin Kenshin kuma an ɗauko siffarsa daga Kawakami Gensai, amma takobin nan mai kaifi ta baya da alwashin daina kisa na labari ne. Usagi Yojimbo na Stan Sakai kuwa, kar ka raina shi don jarumin zomo ne, tun 1984 yake tafe, sunan Miyamoto Usagi daga Musashi ne, Yojimbo kuma yana tuna maka fim ɗin Akira Kurosawa na 1961, kuma binciken Sakai kan rayuwar zamanin Edo, wato Japan daga 1603 zuwa 1868, yafi na da yawa masu zana mutane.

Abu ɗaya da zaka shirya masa, littattafan nan akwai zubar da jini sosai, wasu har da tsiraici, Lone Wolf da Vagabond ba na yara bane. In ƙaninka ne ke son farawa, miƙa masa Usagi tukuna, sauran ka ajiye su a sama inda hannunsa baya kaiwa.