Yadda na kashe ƙugi a amfilifaya mai bawul

Amfilifayar mai bawul biyu ce, wato kwalaben gilashi masu ƙara ƙarfin sauti: EL84 ɗaya mai tura sifika da 12AX7 na matakin farko, tana ta ƙugi ko an mayar da murya sifili. Da na zare 12AX7 sai ƙugin ya kusa ɓacewa, alamar ta matakin farko yake shiga, ba daga kafasitocin tace wuta ba.

Kafin taɓa komai na cire filogi, na sauke cajin manyan kafasitocin da rasista mai 100k, sai da mita ta nuna ƙasa da volt 10. Suna riƙe sama da volt 250 bayan an kashe wuta, ba abin wasa ba ne.

Laifin na wayoyin hita ne masu volt 6.3, wato masu kai wutar da ke ɗumama bawul. A miƙe suke, sun bi ta gefen ƙafa ta 2 ta 12AX7, wato girid, inda sigina ke shiga bawul, ga shi layin hitar taransifomar ba shi da wayar tsakiya. Na murɗe wayoyin biyu tamau kamar igiya, na kwantar da su a jikin shasi, wato ƙarfen gidan amfilifayar, nesa da wayar sigina. Sannan na ɗauko rasista biyu masu ohm 100, rabin wat, kowace daga wayar hita ɗaya zuwa at, wato layin ƙasa da ke haɗe da shasi, don su maye gurbin wayar tsakiyar. Su daidaita sosai, in ba haka ba ƙugin ba zai mutu duka ba. Yanzu sai ka kara kunne a sifika kafin ka ji shi.